Ladan kuɗi ko rainon sabbin hannu: wanne ke riƙe masu taimako?

Wa alaikumus salam. Malam, kuɗin nan da kake tunanin rabawa a matsayin lada ga duk wanda ya gyara muku matsala a buɗaɗɗiyar manhajar taku, wato wadda kowa ke iya ganin yadda aka rubuta ta ya kawo gyara, mayar da shi aljihu tukuna. Kama ɗaya hanyar da ka ambata, ta zama da sabbin hannu kana koya musu. Na gwada duka biyun, kuma ta ladan har yau in na tuna sai haushin kaina ya kama ni.

Muna da wata 'yar manhaja a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu su yi shi tare, aikinta mayar da haruffa masu ƙugiya cikin rubutun Hausa. In ta ga "kasa" a jimla sai ta duba ko ƙasa ake nufi. Na daɗe ina jan abin kusan ni kaɗai, da na gaji sai na sa naira dubu biyar a kan kowace matsala da ke jiran gyara. Mako bai zagayo ba gyare-gyare suka cika min akwati. Wani ya sauya sunayen abubuwa kawai ya ce ya gama. Wani ya kwaso amsar da na'ura ta rubuta masa, ko gwadawa bai yi ba, ya liƙa lambar asusunsa a ƙasa. Biyu suka gyara matsala ɗaya a rana ɗaya, na koma alƙalin wa ya riga wa. Abin da ya fi ci min rai, wani bawan Allah da ya daɗe yana taimaka mana kyauta ya ga ana biyan baƙi kan aikin da bai kai rabin nasa ba, sai kawai ya yi shiru, ban ƙara ganin saƙonsa ba. Ranar da miya ta ƙare, macin tuwo ko ɗaya bai rage ba.

Ba ni kaɗai na sha wannan ba. Hacktoberfest, wani gangamin taimaka wa buɗaɗɗun manhajoji da kamfanin DigitalOcean ke shiryawa kowane Oktoba, a 2020 riga ce kyautar ga wanda ya tura gyara huɗu. Riga fa! Amma sai da masu kula da manhajoji a duniya suka yi kuka, domin mutane sun dinga ƙara kalma ɗaya ko ɗigo a shafin bayani don a ƙirga musu. Cikin 'yan kwanaki aka sauya doka, aka ce sai aikin da ya amince da kansa za a lissafa. Shi ma Daniel Stenberg, mutumin Suwidin mai kula da curl, wata manhajar ɗauko bayanai daga intanet, ya sha kokawa kan rahotannin ɓarakar tsaro na bogi da masu neman lada ke sa na'ura ta rubuta musu. Iyakar adalcin da zan yi wa lada shi ne yana aiki in abu ɗaya ne tak mai iyaka kake so a gama, kuma ka san kwangila ka bayar, ba abokin tafiya kake nema ba.

Ɗaya hanyar kuwa wani yaro ne daga Damagaram ya koya min ita ba tare da ya sani ba. Wata rana bayan isha'i na ga saƙonsa, Hausa gauraye da Faransanci, yana cewa manhajarmu na ɓata musu rubutu. Ashe duk inda ta ga ƴ sai ta ɗauka kuskure ne, alhali haka ake rubutawa a Nijar, mu ne a Nijeriya muke sa 'y. Ni da na rubuta abin wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ya haɗo da gyara na layi uku, kuma gyaran nasa ya lalata wani wuri daban. A da can rufewa zan yi, in gyara da hannuna cikin minti biyar. Ranar dai Allah ya sa ban yi haka ba. Na rubuta masa cewa ya hango abin da ya wuce mu duka, na nuna masa layin da ya karye, na ce ya sake gwadawa. Bai san yadda ake gudanar da gwaji ba, sai na tura masa saƙon murya ta WhatsApp, kusan minti bakwai, ina zaune a duhu an ɗauke wuta. Sau uku yana turowa ina mayar masa. A na huɗu ya shiga, na sa sunansa cikin jerin masu taimako, ya ɗauki hoton shafin ya ɗora a kan lambarsa. Yau shi ke duba gyaran wasu, kuma ya fi ni haƙuri da su nesa ba kusa ba. Ya jawo abokansa biyu, ɗaya ba ya rubuta manhaja ko kaɗan, kalmomi kawai yake tattaro mana.

Da na waiwaya, abin da ya riƙe shi amsar da ya samu a daren ne. Daga baya na ga mutanen Mozilla, masu manhajar Firefox, ma sun lura da haka a nasu aikin: wanda aka duba masa gyaransa cikin awa 48 ya fi dawowa sosai a kan wanda aka bari yana jira. Sabon hannu da ya tura abu ya ji shiru mako biyu ba zai ce kana da hidima ba, cewa zai yi an raina shi. Ko ba ka da lokacin dubawa, rubuta masa layi ɗaya: na gani, Asabar zan duba in sha Allah. Sannan ka duba ranar Asabar ɗin.

Kafin ka gayyato kowa, share ƙofar gida. Rubuta fayil ɗin CONTRIBUTING.md, mai bayyana wa sabon hannu yadda zai girka manhajar ya kawo gyara, sa'an nan ka ari kwamfutar wani ka bi bayanin naka layi-layi. Ni da na yi haka a mataki na biyu na maƙale, domin akwai abin da na girka tun tuni a tawa har na manta ana buƙatarsa. Ƙananan matsaloli kuma ka daina cinye su da kanka, ka manna musu alamar "good first issue", wato matsalar da ta dace da sabon hannu, ka faɗi fayil ɗin da za a taɓa da yadda za a gane an yi daidai. Ba zan ɓoye maka ba, hanyar na cin lokaci, kuma yawancin waɗanda za ka koya wa tafiya za su yi, wani ya samu aiki, wani jarrabawa ta ɗauke shi. Biyu da suka tsaya sun ishe ka.

Kuɗin kuma ba haramun ba ne, wurin sa shi ne abin lura. Duba Google Summer of Code da aka fara tun 2005, ko Outreachy mai horon wata uku, shirye-shirye biyu na horar da sabbin hannu a buɗaɗɗun manhajoji: suna biya, amma kowane ɗalibi sai an haɗa shi da mai koya masa, kuma sai ya nuna hannunsa kafin a ɗauke shi. Kwaikwayi wannan daidai ƙarfinka. Wanda ya riga ya tsaya da ku, saya masa data, ko ka biya masa kuɗin mota zuwa taro.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa. Da zarar aikinku ya fara suna za ka ga masu tallar taurarin GitHub, wato alamar yabo da mutane ke danna wa aikin da ya burge su, su ce ka biya kaza su ƙara maka ɗaruruwa. Asusun bogi ne, tauraro ba ya gyara ko layi ɗaya, kuma mai ido da ya ga taurari birjik babu mai magana a gidan zai gane. Akwai kuma masu karɓar kuɗin ɗalibai da alƙawarin shigar da su waɗancan shirye-shiryen biyu, alhali neman shiga kyauta ne kuma ba mai sayar da gurbi. Ka ja kunnen yaranka.

Na ƙarshe ya fi waɗannan haɗari. A xz, 'yar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace na'ura mai aiki da babbar manhajar Linux, wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana taimako kamar mutumin kirki, wasu asusun kuma na matsa wa Lasse Collin, mai kula da aikin da gajiya ta ci ƙarfinsa, lamba cewa ya ƙara hannu. Da Jia Tan ya samu iko sai ya dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutsawa cikin na'urorin mutane. A Maris 2024 wani injiniyan manhaja, Andres Freund, ya bankaɗo ta, domin ya lura shiga na'urarsa ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, na jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Saboda haka ka sake fuska ga kowa wajen koyarwa, amma makullin haɗa gyara da fitar da sabon zubi kada ka miƙa shi don ka gaji. Yaron Damagaram ma sai da muka haɗu ido da ido a Kano, muka ci abinci kwano ɗaya, kafin na ba shi, kuma har yau ba abin da ke shiga sai mutum biyu sun duba.

Turo min adireshin rumbun manhajar taku, bayan isha'i zan bi bayanin girkawar a kwamfutata in gaya maka inda na maƙale.