Gad mai sauya sheƙa ko yaro daga sakandare: wanne ya fi wa ƙungiyar jami'a a Amurka?

Ɗan'uwa, ka ce ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar da kake bi a Amurka ta rasa gad ɗinta, wato ɗan wasan da ke riƙe ƙwallo yana tsara kai hari, sai koci ya ɗauko wani daga wata jami'a alhali ga yaro mai hazaƙa da suka kawo daga sakandare yana jiran dama. Kana tambaya ko dabara ce ko gaggawa. A wannan gurbin, kuma a wannan zamanin, mai sauya sheƙa ya fi zama abin dogaro idan nasara ake nema bana. Sai dai amfaninsa na gaske yakan fito ne a shekararsa ta biyu, abin da magoya baya ba su cika lissafawa ba.

Tambayar kanta sabuwa ce, domin dokar ce ta sauya. Da can ɗan wasan da ya bar jami'arsa sai ya zauna shekara guda bai buga ba, sai dai in ya riga ya gama digiri ko an yi masa sassauci na musamman. A Oktoban 2018 hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta buɗe rajistar masu neman sauya sheƙa: ɗan wasa ya sanar da makarantarsa, ita kuma ta shigar da sunansa cikin ranakun aiki biyu, daga nan kowane koci na iya kiransa. Laifi ne a tuntuɓe shi kafin sunan ya shiga, ko da yake kociyoyi da kansu suna yawan ƙorafin cewa ana yi ta bayan fage. A Afrilun 2021 aka cire zaman shekarar ga wanda ya sauya karo na farko. A Yulin wannan shekarar aka halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗi a kan sunansu da hotonsu, tsarin da ake kira NIL. A 2024 kuma, bayan shari'ar da aka yi a West Virginia, aka bar ɗan wasa ya sauya ko sau nawa ya buga nan take, muddin karatunsa na kan hanya. Shi ya sa kocin da ya rasa gad a Maris zai iya samun wani mai shekara 22 kafin Mayu.

Babban abin da ya raba su biyun shi ne shaida. Yaron sakandare an gan shi ne yana wasa da sa'o'insa, yawancinsu ba za su taka matakin jami'a ba, kuma shi ne ya fi kowa tsawo ko gudu a filin. Mai sauya sheƙa kuwa yana da wasanni sittin ko casa'in a faifai, da cikakkun alƙaluma, a kan dokokin da zai ci gaba da bugawa: minti 40, daƙiƙa 30 kafin a jefa, layin maki uku mai nisan mita 6.75, fawul biyar a fita. Ga ɗan tsakiya, wato dogon da ke wasa kusa da kwando, wannan bambanci bai kai haka girma ba, tunda tsawo tsawo ne. Ga gad kuwa aikin nasa yanke shawara ne sau ɗari a wasa ɗaya: yaushe zai ruga, yaushe zai tsaya, wa zai ba, me zai yi idan mutum biyu suka rufe shi a kusurwa. Wannan ba a koyonsa sai da ɓarnar ƙwallo, kuma mai sauya sheƙa ya riga ya yi ɓarnar tasa a aljihun wata makaranta.

Duba waɗanda suka ɗauki kofin jami'o'i na ƙasa a 'yan shekarun nan. Baylor ta Scott Drew ta doke Gonzaga 86 da 70 a 2021 da Davion Mitchell daga Auburn, MaCio Teague daga UNC Asheville da Adam Flagler daga Presbyterian. Kansas a 2022 tana da Remy Martin daga Arizona State, wanda ciwon gwiwa ya dama shi a tsakiyar kaka, ya dawo yana tasowa daga benci ya yi mata aiki a gasar Maris, wato gasar cin kofin ƙasa da ake fitar da duk wanda aka doke. UConn ta Dan Hurley ta ci 2023 da 2024 da Tristen Newton daga East Carolina a kan ragama, a karo na biyun kuma aka ƙara masa Cam Spencer daga Rutgers. Florida ta Todd Golden ta doke Houston 65 da 63 a 2025 da Walter Clayton Jr. daga Iona, Alijah Martin daga Florida Atlantic da Will Richard daga Belmont. Ita ma Houston da aka doke, L.J. Cryer daga Baylor ya zo mata, Milos Uzan daga Oklahoma.

Yanzu sake duba sunayen nan da shekarunsu. Newton ya zo 2022, shekarar farko makinsa kusan 10 ne a wasa, ta biyu ya haura 15, aka zaɓe shi gwarzon wasannin ƙarshe. Clayton ya zo 2023, kuma a Maris na 2024 Colorado ta fitar da Florida a wasanta na farko, 102 da 100, duk da maki 33 da ya ci. Kofin sai a shekara ta biyu. Mark Sears ya bar Ohio ya koma Alabama a 2022, ya fara da maki 12 da ɗoriya, shekarar da ta biyo ya haura 21, Alabama ta kai zagayen huɗun ƙarshe karo na farko a tarihinta. Mitchell ma, ban da shekarar da ya zauna, jifansa na maki uku ya tashi daga kusan kashi 32 zuwa kusan 45 cikin ɗari tsakanin kakarsa ta farko da ta biyu a Baylor. Saboda haka abu na farko da za ka bincika game da sabon gad ɗinku shi ne kaka nawa ta rage masa. Tsohuwar ƙa'ida ita ce kaka huɗu cikin shekara biyar. Wanda ya rage masa biyu ya fi daraja nesa da wanda ya rage masa ɗaya, ko da na biyun ya fi suna. Akwai masu zuwa su haska nan take, irin su Spencer, ko Dalton Knecht da ya tashi daga Northern Colorado ya zama gwarzon SEC, ɗaya daga cikin manyan rukunan da jami'o'i ke gasa a ciki, a Tennessee a 2024, amma su an kawo su ne su jefa, ba su riƙe ragamar ƙungiya ba. Mai jifa yana iya shiga tsari cikin wata biyu. Mai raba ƙwallo sai ya san inda kowane abokin wasa yake son karɓa.

Yaron sakandare ma yana da tasa hujjar, kuma ba ƙarama ba ce. Duke ta ci kofin 2015 da Tyus Jones yana aji ɗaya, shi aka ba gwarzon wasannin ƙarshe. Kentucky ta ci 2012 da Marquis Teague, shi ma sabon shiga. Mafi hazaƙar yaran nan sun fi kusan duk wanda za ka samu a rajista, don da gad mai shekara 22 ya kai matsayinsu, da tuni yana NBA, babbar gasar ƙwararru. Matsalar ita ce irin waɗannan ba su da yawa, makarantu ƙalilan ke samunsu, kuma shekara ɗaya suke yi, tunda dokar NBA shekara 19 ce da tazarar shekara guda bayan sakandare. Yaron da bai kai wannan mataki ba kuma, ka yi haƙuri da kurakuransa shekara ɗaya ko biyu, yana fara nuna kansa sai wata babbar makaranta ta zo da kuɗi. Ka shuka, wani ya girbe. Wannan tsoro ne ya sa kociyoyin ƙananan makarantu da yawa suka rage ɗaukar 'yan sakandare. Tsarin da ya fi kyau shi ne na UConn a 2024: Stephon Castle yana aji ɗaya, amma Newton da Spencer ke ɗauke da nauyin shawara, shi kuma aka bar masa tsaro da kutsawa. San Antonio ta ɗauke shi na huɗu a zaɓen NBA na wannan shekarar.

Inda ɗaukar mai sauya sheƙa ke lalacewa ya fi komai cancantar a tsaya a kai, don kusan kullum kuskuren ɗaya ne: an sayi maki, ba a sayi aiki ba. Ɗan wasan da ke cin 18 a ƙaramin rukuni yawanci shi ke jefa kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na ƙwallayen ƙungiyarsa, ƙwallo na hannunsa, kuma mai tsaronsa bai kai shi jiki ba. Ka kawo shi rukuni irin Big 12 ko SEC, mai tsaronsa ya fi shi tsawo da tsawon hannu, jifansa ya ragu zuwa rabi, kuma dole ya tsaya a kusurwa yana jiran fas. Wasu ba su taɓa yin wasa ba tare da ƙwallo a hannu ba tun suna yara. Ba ma sai daga ƙaramin rukuni ba. Kansas ta shiga kakar 2024 zuwa 2025 a matsayin ta ɗaya a ƙasar bayan ta tara masu sauya sheƙa, ciki har da AJ Storr da ya ci kusan 17 a wasa a Wisconsin. A Kansas ya sauko kusan 6, ƙungiyar kuma Arkansas ta fitar da ita a zagayen farko. Ƙwallo ɗaya ce, masu son ta sun yi yawa.

Don haka in kana son auna sabon naku, bar yawan maki gefe. Duba fas ɗin da ya zama ci a kan ƙwallon da ya ɓatar. Ga mai jan ragama biyu a kan ɗaya shi ne abin da ake so, in ya kusa ɗaya a kan ɗaya to mai jifa ne, ko me koci ya kira shi. Duba jifansa na kyauta, wanda ake bayarwa bayan fawul: kashi 80 zuwa sama alama ce ta hannu mai kyau, kuma wannan alƙalamin ba ya sauyawa da ƙarfin abokin hamayya, shi ya sa ya fi na maki uku gaskiya. Na maki ukun kuma a haɗa shi da yawan gwaji, domin kashi 42 a jifa hamsin ba ya kai kashi 37 a jifa ɗari biyu. A raba wanda ya jefa bayan an ba shi da wanda ya ƙirƙira da kansa. Sannan a nemo wasanninsa na Nuwamba da Disamba, lokacin da ƙananan makarantu ke zuwa gidan manya. Wasa uku ko huɗun nan sun fi sauran talatin ɗin faɗa maka abin da zai yi. Tsaro kuwa alƙaluma ba sa nuna shi sosai, sai a faifai: idan an kafa masa shinge, wato wani abokin hamayya ya tsaya ya tare masa hanya, yana bi ta sama ya manne wa mutuminsa ko yana maƙalewa? Gad ɗin da ke maƙalewa a shinge, a Maris kowane koci shi zai yi ta nema har sai an cire shi.

Sai kuɗi da gurbi. Tun bayan sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA a kan kuɗi, sulhun da alƙaliya Claudia Wilken ta amince da shi a Yunin 2025, makarantun da suka shiga tsarin na iya biyan 'yan wasa kai tsaye, kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko ga dukan wasanninsu, kuma a makarantun da ke da ƙwallon Amurka ita ke kwashe mafi yawa. Ƙungiyar kwando ta maza an ƙayyade mata mutum 15, a maimakon tsohon tsarin tallafin karatu 13. Gad da ya riga ya nuna kansa yana da tsada, don makarantu da yawa ke zawarcinsa cikin 'yan makonni. Akwai kuma tsadar da ba ta kuɗi ba. Minti 200 ne ake rabawa tsakanin mutum biyar a wasa, gurbin gad biyu kuma minti 80. In sabon ya ɗauki 32, mai riƙe da ɗaya gurbin ya ɗauki 30, saura 18. Yaron da kake tausayi ya san wannan lissafin, kuma in bai ga hanya ba, shi ne zai shiga rajista a bazara mai zuwa. Kocin kirki yakan faɗa masa gaskiya tun kafin a sanar da sabon, ya kuma riƙa haɗa su a fili tare, ɗaya a kan ƙwallo ɗaya a gefe.

Kada kuma ka ɗauka sanarwa a Instagram ita ce ƙarshen magana. Sai sabuwar makarantar ta karɓi darussan da ya ci a tsohuwar. Caleb Love ya bar North Carolina a 2023 ya sanar da Michigan, abin ya wargaje a kan batun shigar karatu, ya ƙare a Arizona, inda ya zama gwarzon rukunin Pac-12 a 2024. Wani kuma yakan shiga rajista yana gwada sa'arsa a NBA lokaci guda, sai ƙarshen Mayu a san ko zai zo. In ɗan wasan baƙo ne, daga Najeriya ko Mali ko Kamaru, bizar ɗalibi tana taƙaita irin kuɗin da zai iya karɓa a cikin Amurka, wannan ma yana shiga ciniki.

Idan kaka ta fara, kada ka yanke hukunci a Nuwamba. Jira wasannin rukuni a Janairu, musamman na waje, ka lura da minti huɗun ƙarshe na wasan da ya matse: hannun wa ƙwallo take, kuma idan aka koma tsaro koci yana barin sabon a fili ko yana musanya shi.