Mai kimanta gida a Agege: aikin da ya yi mana a kan wani tsohon gida

Duk wanda ke shirin sayen tsohon gida a Agege, kada ya miƙa wa dillali ko kwabo sai ya kira mai kimanta gida ya zo ya duba. Ni da Yayana mun ɗauki ɗaya a kan gidan da muke son haɗa kuɗi mu saya wa Hajiyarmu, kuma tun daga lokacin abokan ciniki a kasuwar goro da 'yan uwa na mayankar Oko-Oba ke ta tambayata ko kuɗin da muka biya ya yi amfani. Ya yi. Amma akwai inda aikin ya gaza, shi ma zan faɗa.

Gidan yana bayan Zango, unguwar Hausawan Agege, tafiyar ƙafa kaɗan zuwa layin dogo. Gida ne marar bene mai ɗaki 12, shida na kallon shida, da siririn lungu a tsakiya, kicin da bayi a baya, irin gidajen hayar da suka cika tsofaffin unguwannin Legas. Magada sun ce mahaifinsu ya gina shi a shekarun 1970. Filin bai kai cikakken fuloti mai ƙafa 60 da 120 ba, ya ɗan haura rabi. An shafa masa sabon fenti ruwan madara, an sa sabuwar ƙofar ƙarfe, daga waje dai ba ka da abin cewa.

Dillali bai yi ƙarya ba da ya ce unguwar ta tashi. An buɗe gadar Pen Cinema a 2021, cunkoson da ke cinye mana rabin yini a mahaɗar layin dogo ya ragu. A shekarar ne kuma jirgin Legas zuwa Ibadan ya fara aiki, da tasha a nan Agege. Sannan a 2024 aka ƙaddamar da jirgin cikin gari da ke tashi daga Agbado ya ratsa Agege da Ikeja da Oshodi har Oyingbo. Kowane mai gida ya ji wannan, kowa ya ɗaga farashi. Matsalar ita ce dillalin ya ɗauko kuɗin sababbin benayen Oko-Oba ya ɗora wa gidan da ya haura shekara 40. Kuma shi la'adarsa tana ƙaruwa ne idan kuɗin ya ƙaru.

Mai kimantawar ba haka lissafinsa yake ba. Mun yi cinikin aikinsa tun farko, rabi kafin alƙalami, rabi in ya kawo rahoto, ko an sayi gida ko ba a saya ba. Wannan kaɗai ya sa na saki jiki da shi. Kafin ya fara sai da ya nuna mana hatiminsa da lambar rajistarsa ta hukumar ESVARBON mai kula da masu wannan sana'a. A lura, ba shi ne ɗan safiyo mai auna fili ya kafa duwatsun iyaka ba, kowa da aikinsa.

Abin da ya fara ba ni mamaki, bai shiga gidan ba. Kan titi ya tsaya, ya durƙusa a bakin kwata, ya hango daɓen lungun gidan ta ƙofa, sannan ya ce in zo in gani. Titi ya fi daɓen gidan tudu da kusan taki guda. Ya ce haka tsofaffin gidajen nan suke zama: duk gyaran titi sai a ƙara masa tsawo, duk maƙwabcin da ya rushe ya sake gini sai ya cika filinsa da yashi, tsohon gida yana nan inda aka bar shi, ruwan kowa ya gangaro masa. Da muka shiga, ya roƙi wani dattijo ɗan haya a janye masa akwatunan da ke jingine da bango. Inda mai fenti bai kai ba, ga layin ruwa nan baƙi, daidai ƙaurina. Ya ciro makullin motarsa ya ɗan kankari filastar da ke ƙasa, ta zubo kamar garin rogo. Dattijon ya dube ni ya ce, "Alhaji, in ruwan Yuni ya sauko, katifa a kan tebur take kwana." Dillali yana tsaye bai ce uffan ba.

Daga nan ya sa aka kawo tsani ya leƙa cikin sili da fitilar waya. Rufin na asbesto ne, ya tsattsage, katakon da ke ɗauke da shi gara ta ci rabinsa. Ya gargaɗe mu kada a bar yara su farfasa shi in an zo canjawa, don ƙurarsa tana lalata huhu. Ya taka da ƙafa daga bakin rijiya zuwa ramin masai, ya girgiza kai, ya ce sun yi kusa, ruwan bai dace da sha ba. Ya duba mitar wuta: tsohuwa ce guda ɗaya ga dukan gidan, da bashi a kanta, bashin da sabon mai gida zai tarar yana jiransa. Bai yarda ya rufe aikin ba sai da ya sake dawowa bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ba tare da ƙarin kuɗi ba. Wannan na yaba masa ƙwarai.

Inda ya fi amfanar da ni shi ne wajen lissafi, don ta fuska uku ya auna gidan, kuma ya zaunar da mu ya bi kowacce da mu. Ya nemo gidaje uku da aka sayar kusa da wurin, ya ce shi ba ya aiki da kuɗin da ake rubutawa a allo, sai wanda aka biya aka sa hannu. A cikin ukun ma ya bambanta. Ɗaya yana bakin babban titi inda za a iya fasa bango a fitar da shaguna, wannan dole ya fi tsada. Namu yana cikin layin da tifa ba ta shiga, yashi da bulo sai an sauke a bakin hanya a turo su a baro, kuma kowane baro kuɗi ne. Gida biyu a unguwa ɗaya, tsakaninsu bai fi jifa ba, amma ba kasuwa ɗaya suke ci ba.

Sai ya koma kan haya. A takarda ɗaki 12 ne, amma biyu 'ya'yan gidan ke ciki ba sa biyan komai, ɗaya ruwa ya kore mutane an mai da shi wurin ajiye tarkace, sauran kuwa tsofaffin 'yan haya ne da ke biyan kuɗin da. Dillali ya yi mana lissafi kamar gobe za a kori kowa a zuba sababbi. Mai kimantawa ya tuna mana dokar haya ta Legas ta 2011: mai biyan shekara-shekara, in ba a rubuta wani sharaɗi daban ba, sai an ba shi notis na wata shida, in ya ƙi tashi sai kotu, kuma ba a karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya. Ni kuwa ko dokar ba ta hana ba, ba na jin zan iya tsayawa gaban dattijon nan da ya haifi 'ya'yansa a ɗakin in ce ya kwashe kayansa cikin mako. Ke nan gidan zai ɗauki lokaci mai tsawo kafin haya ta fara mayar da abin da aka zuba.

Fuska ta uku ita ce ta yanke magana. Ya kimanta filin shi kaɗai, ya cire kuɗin rushewa da kwashe ɓaraguzai da cikon yashi. Ya ce gyara ba zai tsaya a rufi ba, sai an ɗaga daɓe, in an ɗaga daɓe sai an ɗaga ƙofofi da tagogi, ga buhun siminti da ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Abin da ya fito ya gaza kuɗin da magada ke nema da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ya ce, "Alhaji, fili kuke saye. Bangon nan kyauta ne, kuma kyautar da za ku biya a ɗauke muku."

Kan takardu bai ɗauki aikin lauya ba, amma ya nuna mana inda ramukan suke. Abin da magada ke riƙe da shi rasit ne na dangin da suka sayar wa mahaifinsu, da tsohon zanen safiyo. Ba su da takardar mallaka ta gwamna da ake kira C of O. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar birni tana hannun gwamna ne, sauya hannu kuma sai da amincewarsa, don haka dole a je Alausa, inda ofisoshin gwamnatin jihar Legas suke, a bincika ko filin yana cikin wanda gwamnati ta karɓe, a kuma ga ko akwai bashin harajin gida. Ya auna tazarar gidan da layin dogo, tunda mun ga yadda aka rushe gine-ginen gefen layi lokacin aikin jirgi, ya ce nan ba damuwa. Babbar damuwar ita ce magadan. Marigayin ya bar 'ya'ya daga mata uku, mu kuwa da ɗaki ɗaya muke magana. A gidan gado na Yarabawa, sayarwa ba ta tsayawa sai shugaban dangi da manyan 'ya'ya sun amince. Mun san mutanenmu da suka biya kuɗi cif, bayan shekaru wani ɗa ya dawo daga waje da sammaci.

To, ga inda ban gamsu ba. Rahoton ya makara fiye da ranar da ya yi alkawari, sai da na yi ta kira. Da ya zo, Turanci ne mai nauyi, Yayana bai iya cin shafi biyu ba, ni ma sai da ɗana ya zauna da ni. Mutumin da ya iya bayani da baki haka, me zai hana ya sa shafi ɗaya a gaba da sauƙaƙan kalmomi? Sannan kan ƙarfin ginin bai yanke hukunci ba, ya ce sai injiniya, wani kuɗin daban. Na fahimci dalilinsa, ba wanda ya manta benen Ita-Faaji da ya rufta kan 'yan makaranta a 2019, amma da ya faɗa mana tun ranar ciniki da mun shirya.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne unguwar kanta. Ya rubuta titi, kwata, wuta, tazarar tasha da kasuwa. Bai rubuta cewa masallacin Juma'a na nan kusa ba, ko Islamiyyar da jikoki za su je da ƙafa, ko cewa Hajiya za ta fito ƙofar gida ta gaisa da Hausa, in rasuwa aka yi kafin azahar layi ya cika. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su Agege, jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano tun 1912, zuriyarsu kuma ba ta son nisa da Zango. Na ce masa wannan ma kasuwa ce, don Bahaushe yana ƙara kuɗi a kan gidan da ke nan fiye da irinsa a Ogba ko Iju. Ya amsa cewa abin da ba shi da shaidar sayarwa ba zai sa masa hatimi ba. Amma gidaje ukun da ya kwatanta da su, duk masu ginin haya ne suka saya don rushewa. Da ya zauna da dattawan Zango ya tambayi cinikin da aka yi tsakanin Hausawa, da ya samu shaidar da yake nema. A nan ina ganin kiyasinsa ya ɗan yi ƙasa.

Saboda haka da muka koma wurin magada, mun taya kuɗin da ya rubuta, muka ɗora wani abu a kai don darajar unguwa, da sharaɗin kowane ɗaki cikin ukun ya sa hannu a gaban lauyanmu, a kuma cire bashin wuta daga kuɗin. Babban ɗan ya ce sai sun yi taron dangi bayan Sallah. Lauya ya shigar da takardar bincike a Alausa, injiniya kuma zai zo ya haƙa gefen harsashin ginin ya ga ko ɗakuna huɗu na gaba za su iya tsayawa, don Hajiya ta samu inda za ta zauna kafin mu taɓa na baya.