Kiɗan fim a waya da kiɗan fim a zaure, da kuma taron da ya kamata ka je

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce za a yi taron kiɗan fina-finai, babbar ƙungiyar makaɗa za ta kaɗa su a gaban jama'a, tikitin kuma da tsada, alhali duk kiɗe-kiɗen nan suna cikin wayarka, kuma kana da abin sauraro na kunne mai kyau. To me za ka ji a can da ba ka ji a ɗakinka? Ka kuma ce talla biyu ka gani, ɗaya kiɗa ne zalla, ɗayan kuwa za a haska fim ɗin daga farko har ƙarshe makaɗa suna biye da shi, ka rasa wanda za ka ɗauka. Ni dai shawarata ka je, kuma in karon farko ne, ka fara da na kiɗa zalla. Ga dalilaina.

Mu fara da abin da ke cikin wayarka, don bai kamata a raina shi ba. Wannan sautin ba a zama ɗaya aka yi shi ba. A ɗakin ɗaukar sauti irin na Abbey Road da ke Landan, ana jera makirfo masu yawa, wasu sama da kan makaɗa, wasu dab da kowane rukuni. A kaɗa gaɓa guda, a sake, a kuma sakewa, sannan a tsinci inda ya fi kyau a ɗinke. Sau da yawa ma masu goge daban ake ɗaukarsu, masu busa daban, daga baya a haɗa, a ƙara sautin kwamfuta a ƙarƙashi don ya yi kauri. Shi ya sa ba ka jin kuskure ko ɗaya, kuma ko sarewa ɗaya ce tak take busawa cikin mutum tamanin, injiniyan sauti yana iya jawo ta har bakin kunnenka. Wannan gwaninta ce ta gaske. Kana iya maimaita wurin da kake so sau goma, ba wanda zai yi tari a bayanka.

A cikin fim ɗin kansa kuwa, kiɗan bara ne, ba maigida ba. Magana ce a gaba, sai ƙarar mota da harbi da ruwan sama, kiɗa yana ƙasa. Da jarumi ya buɗe baki, sai a danne kiɗan. Saboda haka akwai aikin da mai tsara kiɗa ya ɓata makonni a kansa, wanda ka kalli fim ɗin sau da yawa amma bai taɓa isa kunnenka ba.

Yanzu zaure. Mutum tamanin zuwa ɗari ne a kan dandamali, kuma a zauren kiɗa na ainihi babu lasifika tsakaninka da su. Kafin a fara komai, mai busa obo, wata siririyar aba mai murya kusa da ta algaita, zai ja sauti ɗaya dogo, sai kowa ya daidaita kayansa a kai. Ka kasa kunne a nan, don a wannan ɗan lokacin za ka fara gane bambancin: sautin yana da wuri. Ƙananan goge galibi daga hagu suke zuwa, manyan gogen da tsawonsu ya kai na mutum daga dama, kayan busa na tagulla da tambura daga can baya. A waya duk wannan a tsakiyar kanka yake taruwa. A zaure kuwa yana tasowa daga nesa, ya bugi bango da rufi, ya zagayo maka ta gefe da ta baya. A zaurukan da aka fi yabo, irin Musikverein na birnin Viyana, in makaɗa sun tsaya cak, sautin yakan ɗauki kamar daƙiƙa 2 kafin ya mutu. Da gangan ake gina su haka.

Mutane da yawa suna zaton ƙarfin sauti ne zai girgiza su. Yana girgizawa, ba musu. Amma abin da ya fi kama ni shi ne akasin haka, wato lokacin da masu goge hamsin ko sittin suka sassauta gaba ɗaya har ya zama kamar numfashi, kuma kana jin kowane zare na sautin daga kujerarka. A waya, in kiɗa ya yi ƙasa sai ka ƙara murya, in ya yi sama ka rage, don haka tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa kai da kanka kake cike ta. A zaure ba ka da maɓalli. Raɗar tana nan a raɗarta, in tsawar ta zo kuma sai ka ji ta a ƙirji da tafin ƙafa. Kunnen ɗan Adam yakan fara jin sauti ne daga girgiza kamar 20 a daƙiƙa, amma manyan bututan ogan, wato kayan kiɗan da iska ke busa bututansa, masu tsawon ƙafa 32, suna sauka har wajen 16. Wannan ba ji ake yi da kunne ba, kujera ce take rawa da kai. Ogan ɗin zauren Royal Albert Hall na Landan bututai 9,999 gare shi, kuma a 2015 an haska fim ɗin Interstellar a can ana kaɗa kiɗansa kai tsaye. Babu abin kunnen da zai ba ka wannan, komai tsadarsa.

Sai kuma ido, wanda yake koya wa kunne abin da bai sani ba. Ka lura da mutumin da ke can ƙarshen sahun baya. Zai zauna minti biyar hannu a cinya, leɓensa na motsi kaɗan-kaɗan, yana ƙirga. Can sai ya miƙe a hankali, ya ɗauki faya-fayan ƙarfe biyu, ya buɗe hannuwa, ya jira, ya gwara su sau ɗaya tak daidai inda kiɗan ya kai ƙololuwa, ya manna su a ƙirjinsa don ya kashe ƙarar, ya koma ya zauna. Wannan bugu ɗaya ka sha jin sa a waya, amma ba ka taɓa sanin mutum ne ya yi dakonsa ba. Haka za ka ga sandunan goge duk sun tashi tare sun sauka tare, ka ga mai ƙahon tagulla ya juya ƙahonsa yana zubar da ruwan da ya taru a ciki kafin layinsa ya zo. Daga ranar, in ka koma kan wayarka, za ka riƙa jin abubuwan da da can ba ka ji.

Zaure yana da nasa aibin. Ƙahon nan mai lanƙwasa kayan busa ne mai wuyar sha'ani, ko gwani yakan goce masa, kuma in ya goce ba a sakewa. Wani zai yi tari daidai wurin da ya fi taushi. In kujerarka ba ta yi ba, tagulla za ta rufe maka goge. Akwai kuma kiɗan da asalinsa a kwamfuta aka haife shi, wanda in aka mayar da shi hannun makaɗa sai ka ji ya rame. Irin wannan, wayarka ta fi zaure gaskiya. Amma wanda tun farko don babbar ƙungiya aka rubuta shi, zaure ne gidansa. A da manyan ƙungiyoyin Turai suna yi wa kiɗan fim kallon ƙasa-ƙasa. Wannan ya kau: John Williams, mai tsara kiɗan fina-finai, wanda ya jagoranci ƙungiyar Boston Pops daga 1980 zuwa 1993, ya tsaya gaban babbar ƙungiyar makaɗan Viyana a Janairun 2020 yana jagorantar kiɗansa, a 2021 kuma ya yi haka da ta Berlin. Na kawo wannan ne don ka san yanzu gwanayen makaɗa suna kaɗa shi da zuciya ɗaya, ba don neman cika kujeru kawai ba.

To mu zo kan tallan nan biyu.

Wanda ake haska fim, ba sabon abu ba ne kamar yadda ake zato. Kafin fim mai magana ya samu karɓuwa daga 1927, galibin kiɗan da ake ji a gidan sinima a nan take ake yin sa, ko mai fiyano ɗaya ko ƙungiya guda. Na yanzu dai ya fi wahala nesa ba kusa ba. Ana kawo fim ɗin an cire masa kiɗa, an bar magana da sauran ƙararraki. Hotuna 24 ne suke wucewa a kowace daƙiƙa, kuma fim ba ya jiran kowa. Madugun kiɗa yana da ɗan allo nasa a gabansa, inda wani layi a tsaye yake ratsowa daga hagu zuwa dama, in ya kai ƙarshe haske ya ƙyafta, nan ne dole sandarsa ta sauka. Wannan dabara tsohuwa ce a Hollywood, ana jingina ta ga mai tsara kiɗa Alfred Newman. Sau da yawa kuma akwai ɗan abu a kunnen madugu, wani lokaci har da makaɗa, yana ƙas-ƙas yana ba su taki. In ka samu kujerar da kake hango allon nan, ka ɗan saci kallonsa. Za ka ga ƙofa ta buɗe a babban allo daidai lokacin da layin ya kai gefe, tambura suka faɗo. Abin burgewa ne matuƙa.

Sai dai a nan matsalata take da shi. Madugun da aka ɗaure da agogo ba shi da ikon ya ja numfashi inda zuciyarsa ta ce ya ja. Labarin ƙarshen fim ɗin E.T. na 1982 ya nuna haka sarai: Williams ya yi ta fama ya daidaita kiɗan da hoto bai samu yadda yake so ba, sai daraktan fim ɗin, Steven Spielberg, ya sa aka kashe hoton, ya ce ya kaɗa yadda ransa ya ba shi, daga baya shi ya gyara yankan fim ɗin ya bi kiɗan. A taron da ake haska fim, wannan sassaucin babu shi, kiɗa ne zai bi hoto ko ana so ko ba a so. Ƙari a kan haka, tunda maganar 'yan wasa ta lasifika take fitowa, sau da yawa su ma makaɗan ana sa musu makirfo don a daidaita, ka ga an rage wancan sautin tsirara da na yi maka bayani. Galibi har rubutu ake sawa a ƙasan allo, saboda kiɗan yakan rufe magana. Babban abin kuma shi ne ido ɓarawon kunne ne. Ba za a daɗe da farawa ba labari zai ɗauke ka, ka manta akwai mutum casa'in a ƙarƙashin allon, sai ka farga ka biya kuɗin zaure ka kalli sinima.

Duk da haka ba zan hana ka shi ba in akwai fim ɗin da ka haddace. Wanda ya san labari ba ya buƙatar kallon allo kowane lokaci, yana iya sauke ido kan makaɗa. Kuma a nan ne kaɗai za ka ji kiɗan fim ɗin dukkansa, har da ƙananan gaɓoɓin da ba a saka su a faifai. Ya fi dacewa da fim ɗin da kiɗa ya cika shi, kamar The Lord of the Rings, da Howard Shore ya tsara wa kiɗa, wanda aka fara yi masa irin wannan taro a Lucerne ta ƙasar Suwizalan a 2008, da makaɗa da rukunin mawaƙa manya da yara. Fim ɗin da kiɗansa kaɗan ne kuwa, rabin dare makaɗa a zaune za ka gan su suna kallo tare da kai.

Na kiɗa zalla ya bambanta ta kowace fuska. Mai tsara kiɗan yakan sake ɗinka shi ya zama abu mai farko da ƙarshe, madugu yana da 'yancin ya ja ko ya sassauta, ba magana ba harbi, kuma a dare ɗaya kana iya jin hannun mutum biyar ko shida ka gwada su da kanka. Rauninsa shi ne yakan tsaya kan sanannun kiɗe-kiɗe kawai, gajeru-gajeru, ana tafi ana sake sabo, har wani lokaci ka ji kamar ana yi maka ɗanɗane. Kuma shi ne mai tona asiri: kiɗan da hoto ne yake riƙe da shi, in aka cire hoton sai ka ji ba komai a ciki sai maimaici. Ni wannan ma riba na ɗauke shi, don a nan kake gane wanda ya iya da wanda allo ya rufa wa asiri.

Akwai iri na uku da yakan shigo cikin talla da kama ɗaya, wato na manyan filaye, irin wanda mai tsara kiɗa Hans Zimmer yake zagaya duniya da shi, da gita mai lantarki da fitilu da lasifika jibga-jibga. Yana da daɗinsa, amma ba shi ne abin da ka tambaya ba. Don haka kafin ka biya, ka duba a wane zaure za a yi, wace ƙungiya ce, mutum nawa ne, wa zai jagoranta. Wasu tallace-tallacen sukan rubuta sunan mai tsara kiɗa da manyan baƙaƙe alhali shi ba zai zo ba, wasu kuma makaɗa ashirin ne a kan dandamali, sauran sautin daga na'ura yake fitowa. In ba a faɗi sunan ƙungiyar ba, ka tambaya.

Wajen kujera kuma kada ka ruɗu da sahun gaba. A can sautin goge ɗaya ko biyu da ke kusa da kai za ka fi ji, na baya kuma ya wuce ta saman kanka. Ka nemi tsakiyar zaure, ko farkon bene inda kake ganin kowa, amma ka guji kujerun da ke can ƙarƙashin bene, don rufin yana tare sauti. In kuma na fim ɗin ka zaɓa a ƙarshe, kada ka bi masu tashi da zarar sunaye sun fara hawa allo. A wannan wurin babu magana babu ƙara, makaɗa ne kaɗai suke da zauren, kuma sau da yawa a nan mai tsara kiɗan yake tattaro manyan kiɗe-kiɗen fim ɗin ya jera su cikakku.