Lambar Ubuntu da Rashin Lambar Arch: Abin da Na Gani a Shagona

Shagon buga takardu da cike fom ta intanet gare ni a Birnin Kebbi, kuma duk kwamfutocina na hannu ne, shi ya sa Linux ya fi karɓarsu. Linux tsarin aiki ne da ke tafiyar da kwamfuta, kuma yana da iri-iri: Ubuntu ke kan na shago, Arch Linux kuma na kan tawa ta tafi-da-gidanka. Abu guda zan duba a nan: yadda kowannensu yake sa wa kansa lamba, don a wurin ne na ga bambancin da ke taɓa aljihu.

Lambar Ubuntu kwanan wata ce kawai. In ka ga 24.04, Afrilun 2024 ke nan, 22.04 kuma Afrilun 2022. Haka suke yi tun fitowar farko, 4.10, a Oktoban 2004. Ko a 2006 da suka makara daga Afrilu zuwa Yuni, sai lambar ta fito 6.06. Duk wata shida ake sakin sabo, amma wanda nake bi shi ne LTS, wato mai dogon tallafi, mai fitowa duk shekara biyu, wanda ake aiko masa gyaran tsaro har shekara biyar. Sauran wata tara ne ransu. To da na ga 22.04 a kan na'ura na san ina da sarari har 2027, ba sai na tambayi kowa ba. Ga mai shago wannan ba ƙaramin abu ba ne, sai ka tsara sauyin ya faɗo lokacin da ba cunkoson rajistar JAMB.

Arch kuwa ba ruwansa da wannan lissafi. Sau ɗaya ka girka, daga nan sai dai ka riƙa buga umarnin pacman -Syu yana sabunta kansa. Faifan girkawa da suke fitarwa duk wata yana ɗauke da kwanan wata, irin 2024.06.01, amma ranar da aka haɗa faifan ce kawai. Bayan sabuntawar farko lambar ta gama aikinta. In ka buɗe /etc/os-release ma, fayil ɗin da ke nuna tsarin da ke kan na'ura, kalmar rolling, wato mai sabuntawa kullum, za ka tarar a wurin da kake neman lamba.

Ran nan yarona na shago ya ce in girka masa irin nawa. Bayan wata uku sai ga kiransa: "Maigida, wani abu ya ƙi buɗewa, kuma ai iri ɗaya ne da naka." Na ce, "Kai, yaushe rabonka da sabuntawa?" Ya ce tun ranar da aka girka. Sunan ɗaya ne, amma kayan cikinmu sun yi hannun riga. Sai da na sa ya karanto mini lambar kanel, wato zuciyar tsarin, da umarnin uname -r kafin na gane inda yake tsaye.

Sai batun data. In ka bari makonni suka taru, abin da za ka sauke yana iya haura gigabait ɗaya, kuma masu Arch sun faɗa ƙarara cewa ba su goyon bayan sabunta wani sashe a bar wani. Ni dai ba na farawa sai batir ya cika, saboda wutarmu ba ta sallama kafin ta tafi.

Amma fa Arch yana da daɗinsa. Da GIMP 3.0, manhajar gyaran hoto, ya fito a Maris 2025, ban daɗe ba na same shi a Arch, alhali rumbun manhajojin Ubuntu 24.04 yana kan 2.10. Kuma babu ranar babbar ƙaura da za ka kwana kana kwashe fayilolin mutane.

Tsarin da ya fi kwanta mini a rai cikin masu sabuntawa kullum shi ne na openSUSE Tumbleweed, wanda kowane zubi ke da lambar shekara, wata da rana, kuma na'urar tana nuna wanda take kai. Da Arch na da irin wannan, da na rage shakka. A yanzu dai Arch yana nan kan tawa, na shago kuma ba abin da zai raba su da LTS.