Makarantar tuƙin da ta koya mini duba dama a Garwa

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙi a Jimeta, ban taɓa gogar motar kowa ba. Wata biyu da dawowata gida Garwa ta Kamaru, a wata 'yar mararraba cikin unguwar Yelwa, wadda babu danja babu allo, wata tasi mai ruwan ɗorawa ta ɓullo ta damana ta kwashe mini fitilar gaba. Na fito ina huci, don a ganina ni ke kan miƙaƙƙiyar hanya, shi kuwa daga lungu ya fito. Ɗan sanda ya zo, ya dubi yadda motocin suka tsaya, ya ce laifina ne. Hatta mai goron da ke bakin titi bayan direban tasin ya bi. Na biya gyarana, na biya nasa, na koma gida raina a ɓace, ban kuma gane inda na yi kuskure ba.

Abin da ya kai ni makarantar koyon tuƙi ke nan, wadda a nan muke ce wa oto-ekol. Dama ina bukatar farmin Kamaru, wato lasisi, kuma ta hannun makaranta ake shiga jarrabawar da ma'aikatar sufuri ke shiryawa. Ba zan kama sunanta ba, saboda ina da yabo, ina kuma da ƙorafi.

Yabon duka na malamin ne. Dattijo ne, tsohon direban babbar mota da ya daɗe yana jigila daga Ngaundare zuwa Kusiri, ya haye gadar Ngeli ya shiga Njamena. Yana jin Fulatanci da Hausa da Faransanci. Ranar farko da na ba shi labarina bai buɗe littafi ba. Ya zana mararraba da alli a kan tebur, ya ciro kwalin ashana biyu daga aljihu, ya ajiye ɗaya a gabana, ɗaya ta damana.

"Alhaji, wa zai fara wucewa?"

Na ce, "Wanda ke kan babbar hanya mana, Malam."

"Wa ya ce maka babba ce? A nan allo ne ke ba hanya girma, ba faɗinta ba. In babu allo, na damanka shi ne yayanka, ko da kan keke yake."

Daga nan ya nuna mini alluna uku da kullum nake wucewa ba tare da na san maganarsu ba. Akwai mai kusurwa huɗu da ke tsaye kan tsini, cikinsa rawaya, gefensa fari: wannan na nufin hanyarka ce gaba. Akwai mai kusurwa uku da jan baki da baƙin gicciye a ciki: mararraba na tafe, ka ba na dama hanya. Sai mai kusurwa uku da aka kifa kansa ƙasa: kai ne za ka dakata. Ya ce wannan na ukun shi zan nema kafin in shiga shataletale. A Najeriya an san cewa wanda ke ciki shi ke da hanya, mai shigowa ya jira. A tsarin da muka gada daga Faransa kuwa, sai in an kafa wannan allo ne hakan ke tabbata. In babu shi, mai shigowa ta dama yake zuwa, don haka shi ke da gaskiya. Mun yi kwana uku muna juya kwalayen ashanar nan kafin abin ya zauna mini, domin hannu da ƙafa sun riga sun saba da wani abu dabam.

Abin da ke yaudarar irinmu shi ne duka ƙasashen biyu hannun dama ake bi. Najeriya ta bar hannun hagu tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Gowon, don ta daidaita da maƙwabtanta. Sai mutum ya ɗauka tunda sitiyari ɗaya ne, gefen titi ɗaya ne, komai ma ɗaya ne. Alhali gefen titi kawai aka sauya, tarbiyyar tuƙin can daga Ingila take.

Ya kuma yi mini gata wajen takardu. Ya sa na jera su cikin jaka ɗaya yadda jandarma ke tambaya: farmi, kartigiris, wato takardar mallakar mota, inshora, da takardar duba lafiyar mota. A but kuma kada a rasa allon gargaɗi mai kusurwa uku, da tukunyar kashe gobara, da akwatin magani. Ni da na saba da jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, wadda aka kafa a 1988, da 'yan VIO masu duba lafiyar motoci, ban taɓa ajiye akwatin magani a mota ba. Ya ce in na ji usur in tsaya nan take, in sauke gilashi, in fara da gaisuwa. Ya tuna mini in riƙa ajiye canji saboda shingen biyan kuɗin hanya, sefa 500, dala ɗari a lissafinmu, in kuma adana tikitin. Da damina akwai shingen ruwan sama a hanyoyin da ba kwalta, inda ake tsare manyan motoci har ƙasa ta tsane. Ya daɗe yana ja mini kunne kan gangaren dutsen Mbe a hanyar Ngaundare: a sauka da ƙaramin giya, kada a dogara da birki har ya yi zafi. Da yake faɗa sai da muryarsa ta canza, ya ce abokan aikinsa da yawa can suka kwana.

Ƙorafina kan makarantar ne. Mota ɗaya gare su mai lafiya, ita ma babu sanyi, a watan Maris, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40. Sau huɗu ina rufe rumfar atamfata in zo a kan lokaci, a ce mota ta fita da wani ɗalibi. Littafin da suka sayar mini Faransanci ne zalla. Na ga samari biyu masu acaɓa, waɗanda sun fi ni sanin titin garin nan, sun daina zuwa saboda ba sa iya karanta shi. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin su ne ke cika titunan Garwa, su ne kuma suka fi mutuwa a kansu. Da makarantar za ta ware ko awa ɗaya a mako malamin nan ya yi darasi da Fulatanci da Hausa, da an ceci rayuka.

Sannan a ofishinsu babu wanda ya iya amsa mini tambayar ƙetare iyaka. Sun san katin inshora mai ruwan hoda na ƙasashen CEMAC shida, wato ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, wanda ke aiki har Chadi. Amma ba su san cewa shiga Najeriya wani lissafi ne dabam ba, domin can katin ECOWAS mai ruwan ƙasa aka sani. A gari irin namu, da mutane ke bin Gashiga da Demsa su shiga Adamawar Najeriya kullum, wannan giɓi ne babba. A tasha na samo amsar, wurin direbobi.

Duk da haka ina ba duk wanda ya koyi tuƙi a Najeriya ya dawo nan shawara ya je, ko da yana da lasisinsa. Ya nemi darasin safe kafin rana ta ɗaga, ya kuma nace a haɗa shi da dattijon. Kuɗin da na biya bai kai abin da na kashe kan fitilata da ƙofar tasin nan ba. Jiya na sake bi ta mararrabar Yelwa, na rage gudu na leƙa dama, sai ga wani yaro da kurar ruwa. Na tsaya ya wuce.