Tattakin safe ko zaman hira: wanne ya fi wa dattijo?

In gwiwa ta yarda, ni tattakin safe da abokai nake zaɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama su riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kuma rabin awa sau biyar ya cika lissafin. Ranar da ka maƙale a gida, gobe sai an tambaye ka ina ka shiga. Sai dai mai ciwon ƙafa yakan ji nauyi, ya ga an tsaya a kwana ana jiransa.

Zaman hira a cibiyar dattawa ba ya gajiyar da kowa. Ana karatu, ana musu kan labarai, kaɗaici ya ragu. Amma kujera akwai daɗi, sai awa uku ta wuce ba wanda ya miƙe.