Tsinken gwajin ciki: yana aiki, amma yana da lokacinsa

Tsinken gwajin cikin nan da ake sayarwa a kemis na yi amfani da shi lokacin da na samu cikin ɗiyata ta fari, na kuma sake saye bana. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ga sirri, ba sai kin je kin bi layi a asibiti kowa yana kallonki ba. Sai dai na lura mata da yawa suna cewa ƙarya yake yi, alhali saurin gwadawa ne.

Abin da yake nema a fitsari wani sinadari ne da ake kira hCG. Jiki ba ya fara fitar da shi sai ƙwai ya manne a mahaifa, kamar kwana 6 zuwa 12 bayan ya haɗu da maniyyi. Kuma da kaɗan yake farawa, yana ninkuwa duk bayan kwana 2 ko 3. To wadda ta gwada mako guda bayan saduwa, me tsinken zai gani? Facalata ta shigo mini da nata a naɗe cikin gefen zane, ido ya cika da ƙwalla, ta ce, "Yaya, layi ɗaya ne kuma," wato bai nuna ciki ba. Na tambaye ta ko ta yi ɓatan wata, ta ce da saura. Na ce ta bari ranar al'adarta ta wuce tukuna. Da ta maimaita, sai ga layi na biyu, dishi-dishi, amma yana nan. Ko dishi-dishi ne, in dai ya fito cikin mintunan da aka rubuta a jikin ledarsa, a ɗauke shi a matsayin ciki. Wadda al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci kuwa, ta ƙirga kwana 21 daga saduwar ƙarshe. In an ƙagu, gwajin jini a asibiti yana riga na fitsari gani.

Fitsarin farko na asuba ya fi, kafin a sha ruwa ya tsinke. Kada a tsoma tsinken ya wuce alamar da aka ja a jikinsa, kuma layin da ya bayyana bayan tsinken ya bushe ba abin dogaro ba ne.

Inda raina ya ɓaci shi ne ajiya. A jikin ledar an rubuta kada zafi ya wuce digiri 30, mu kuwa a nan Birnin Kebbi watan Afrilu ya kan haura 40. Na taɓa saye a wani shago da kwalin ke jibge a bakin taga, rana na dukansa. Da na tsoma, ko layin C bai fito ba, wanda shi ke nuna tsinken lafiyarsa lau. Mace tana cikin zullumi a sayar mata da lalataccen abu, wannan ba daidai ba ne. Yanzu sai na duba ranar ƙarewar wa'adi, na tabbatar ledar ba ta huje ba.

Wadda ta yi ɓari kwanan nan ta sani, zai iya nuna layi biyu na wasu makonni ko da babu sabon ciki. In kuma layi biyu ya zo da ciwon mara gefe ɗaya ko zubar jini, a tafi asibiti a ranar, don wani lokaci ciki kan zauna a waje, ba a cikin mahaifa ba. In lafiya lau ne, a fara shan ƙwayar bitamin ta folic acid, a je a yanki katin awo.